Dan Allah wa ya san maganar 'yar ƙwayar radiyeshin da ake sakawa a nono kafin tiyata?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ce aka yi wa mamogiram, wato hoton nono, aka ga wani ɗan abu a nononta na hagu, ƙarami ne sosai ko ta shafa bata jinsa, likita ma ya lalluba bai ji komai ba, a hoto kaɗai yake fitowa. An ɗebi nama an gwada, yanzu sunce sai an cire. Toh abinda ya tsaya min a rai shine wai kafin ranar tiyata za'a saka mata wata 'yar ƙwaya mai radiyeshin a ciki ta kwana uku da ita. Wlh tun jiya na kasa bacci, ba radiyeshin ɗin nan ake cewa yana jawo ciwon daji ba? Ga jikanta ɗan wata 8 kullum yana kwance a ƙirjinta. Wanda ya sani ya taimaka min dan Allah.

Ma'aikaciyar ɗakin hoto:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ƙwayar nan ba magani bace, alama ce kawai. Ki duba fa, likitan tiyata in ya buɗe wurin ta ina zai gane abinda hannu baya ji ido ma baya bambance shi da sauran nama? Shine ake dasa masa alama tun kafin ya shigo.

Girmanta kamar ƙwayar shinkafa, tsawonta bai kai rabin santimita ba, kwanson na ƙarfen taitaniyom ne a rufe ruf, a ciki akwai ayodin-125 ɗan kaɗan, shine sinadarin da ke fitar da radiyeshin ɗin. Za'a yi mata allurar kashe zafi sai likitan hoto ya zura allura yana kallo ta sikanin ko ta mamogiram har ya kai wurin ya ajiye ta, a sake hoto a tabbatar ta zauna daidai, a manna filasta ta tafi gida. Ranar tiyata likita na da wata na'ura kamar ƙaton biro, yana kusantar ƙwayar ƙaranta na ƙaruwa, da shi yake bi har ya yanko naman da ƙwayar a ciki. Irin wannan ayodin ɗin ake dasa wa maza a maganin kansar mafitsara ta prostet, amma can guda da yawa ake sakawa kuma a barsu, nan ɗaya ce mai rauni kuma fita zata yi. Tun wajen 2001 aka fara wallafa sakamakon amfani da ita a Amurka, ba sabon gwaji za'a yi a kanta ba.

Maganar jikan, wasu asibitoci na cewa a rage ɗora yaro a ƙirji na tsawon lokaci har a cire, kwana ukun nan ku riƙa karɓarsa kawai. Amma ku tambayi nasu likitan.

Hajiya Yaya:
Ƙanwata ni da waya aka yi min tawa shekarun baya, shine tsohon tsarin. Da sassafe ranar tiyatar aka zura min siririyar waya a nono, rabinta na waje an naɗe da bandeji, ga azumin tiyata ga tsoro, ina zaune ina jira ko hannuna bana iya ɗagawa sosai don kar ta goce, kuma tiyatar tawa aka jinkirta sai bayan azahar. Alhamdulillah an cire komai lafiya lau amma da an bani zaɓin abinda zan tafi gida da shi ba komai na leƙowa waje wlh shi zan ɗauka.

Abban Yusra:
Ni tambayata ɗaya ce, in ƙwayar ta ɓace a ciki fa ko aka manta da ita? Abu kamar shinkafa ai.

Ma'aikaciyar ɗakin hoto:
Malam wannan tambayar tana kan hanya. Kafin a ɗinke wurin ana ɗaukar hoton naman da aka yanko a ga ƙwayar a ciki da ido, sannan a sake bin nonon da na'urar a ji shiru. A ɗakin gwajin nama su zaro ta a mayar wa masu kula da kayan radiyeshin, kowace ɗaya a rubuce take tun shigowarta. Abinda ya kamata ku sani shine in an saka ta ba'a iya matsar da ita ko a fasa, sai tiyata ke fito da ita, saboda haka kar Mama ta ɗaga ranar. Kuma mai ciki ko mai shayarwa dole ta faɗa tun farko. In har zuciyarta ta ƙi, akwai Magseed mai aiki da maganaɗisu da Savi Scout mai aiki da siginar rada (radar), duka ba radiyeshin, sai dai ba ko'ina ake da su ba.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alkhairi, na karanta wa Mama duka yanzu har ta saki fuska. Gobe zan raka ta, zan tambaye su maganar yaron da kuma ko zata iya wanka bayan an saka. Ku sa ta a addu'a, Alhamis ne tiyatar.