Kastad ɗin ƙwai da gahawa irin na Faransa ta da

Uwargida_Kn: Salamu alaikum 'yan uwa. Kastad ɗin gahawa da ake yi a Faransa tun ƙarni na 18, me ke sa ya fito da ramuka yana tsatso da ruwa? Kuma mene ne awonsa?

Maigirki: Wa alaikumus salam Hajiya. Wuta ce ta yi yawa. Gwaiduwa tana fara kamawa a wajen zafin maki 70 na ma'aunin Celsius, idan ta haura 85 sai ta tsinke. Awo: madara rabin lita, gwaiduwa 6, sukari giram 80, gasasshen ƙwayar gahawa giram 40. A tafasa madara, a sauke, a zuba gahawar ba tare da an niƙa ba, a rufe minti 20, a tace. A cuɗa gwaiduwa da sukari a hankali, kada a buga, kumfa ma na kawo ramuka. Sai a riƙa tsiyaya madarar kaɗan-kaɗan ana juyawa. A zuba a ƙananan kofuna, a jera cikin faranti mai ruwan zafi har rabin kofi, a gasa a maki 150, minti 35.

Hajja_Zinder: Mutanen zamanin da, a murhu suke yi: tukunyar ruwa a ƙasa, garwashi kaɗan bisa murfi. Kada ruwan ya tafasa. A cire tun tsakiyar na ɗan rawa.

Maigirki: Haka ne Hajja. Kuma a guji zuba dafaffiyar gahawa da yawa, tana tsinka haɗin ya ƙi kamawa.