Neman shawara kan buɗe wurin wankin manyan motoci a Sakkwato

Ɗan Rima:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina sana'ar wankin ƙananan motoci a cikin gari, kuma Allah Ya hore mini ɗan jari. Na lura da yadda tireloli ke ƙaruwa a hanyoyinmu, daga masu ɗaukar siminti a masana'antar BUA ta Kalambaina, zuwa masu lodin albasa da shanu zuwa kudu, da masu bin hanyar Illela zuwa Birnin Konni. Ina son in buɗe wurin wanke su. Wane wuri ya fi dacewa, kuma wane kayan aiki ya kamata in fara saya?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka yi maganar inji, ka fara tambayar kanka wanda zai biya ka, domin kusan kowace tirela tana da yaron mota, kuma wanke ta da bokiti da omo yana cikin aikinsa. Direba ba zai ciro kuɗi daga guzirinsa don kawai mota ta yi ƙyalli ba. Wanda zai zo wurinka shi ne wanda wankin ya zame masa dole, misali wanda ya kai shanu Legas ya dawo da mota cike da kashi da fitsari, alhali buhunan hatsi ko na albasa suna jiran sa, kuma mai kaya ba zai yarda a loda masa a haka ba. Sai kuma wanda zai shiga gareji, wanda bakanike ya ce sai an wanke ƙarƙashin motar kafin a ga inda mai ke yoyo.

Batun wuri kuwa, ka nemi inda direbobi suka saba yada zango, kamar wajen Kwannawa a hanyar Gusau, ko kusa da Kalambaina. A zamaninmu ba ma karkata hanya saboda wanki. Muna tsayawa ne inda akwai masallaci da mai abinci da mai faci. Ka kuma je ka gai da shugabannin ƙungiyar direbobi na wurin tun kafin ka kafa ko da rumfa.

Mai Burtsatse:
Baba ya faɗi gaskiya, amma zan ƙara da ruwa da daɓe, domin su ne ke cinye jari. Idan ka dogara da sayen ruwa daga tanka, ribarka za ta ƙare a can, musamman a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kowa yana neman ruwa. Ka haƙa rijiyar burtsatse, ka ɗora manyan tankuna, ka haɗa famfon da sola, tunda tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aikin da ya dogara kacokan da janareta yake wahala. Ka tuna cewa tirelar siminti mai buhu 600 tana ɗauke da tan 30 ban da nauyin kanta, don haka daɓen da ya ɗauki ƙaramar mota zai farfashe cikin ɗan lokaci idan ba a zuba kankare mai kauri da rodi ba. Ka yi ramin da zai tare laka da baƙin mai kafin ruwan ya fita, in ba haka ba rigima da maƙwabta da jami'an tsabtace muhalli tana jiran ka. Ƙurar siminti kuma a share ta a bushe tukuna, don idan ta sha ruwa ta kwana a magudana daskarewa take yi.

Malama Mai Lissafi:
Ban yarda da Baba cewa kan direbobi kaɗai za ka tsaya ba. Ka nemi masu motocin kansu, wato 'yan kasuwar da ke da tirela biyar ko goma, ku yi yarjejeniyar biya a ƙarshen wata, a rubuce. Sai dai ka san cewa sufuri yana hawa yana sauka. Da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, zirga-zirgar kaya ta Illela ta tsaya na watanni.

Ɗan Rima:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Baba, ya batun tankokin mai, in karɓe su?

Tsohon Direba:
Ka wanke bayansu kawai. Kada ka bar yaronka ya shiga cikin tanki ko da an ce babu mai, domin tururin da ya rage yana sumar da mutum, kuma tartsatsi kaɗan ya isa ya tayar da wuta.