Fentin roba da ake ɓarewa: zai jure ranar Katsina?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum masana. Corolla ce ruwan azurfa, ina so ta koma baƙa marar sheƙi, amma ba na son a taɓa fentin kamfani don kada darajarta ta faɗi ranar sayarwa. An ba ni shawarar Plasti Dip, fentin roba da ake fesawa. Galan nawa zai isa, kuma da gaske ana ɓare shi ba tare da ya bar tabo ba?

Mai Fenti Daura:
Wa alaikumus salam. Yana ɓaruwa, in an yi shi da kauri. Mota irin taka tana cin galan 3, wajen lita 11, jif kuwa 4 zuwa 5. Kada ka yi tunanin yin bodi duka da ƙananan gwangwanaye, zane-zane zai fito. Gwangwani na rim ne da tambari, guda 4 kan isa rim huɗu.

A wanke motar da sabulun wanke kwano don ya cire falish, a goge da sufirit, a bar ta ta kwana ta bushe. Ruwan da ya maƙale a bakin madubi ko hannun ƙofa shi ke gangarowa ya ɓata aiki. A rufe gilashi, fitilu, lamba, lagireto da faifan birki.

Shafin farko sama-sama ne, har kana hango tsohon launi, shi ne ke kama bodi. Daga nan sai shafi mai jiƙa, bindigar feshi na nesa da bodi santimita 15 zuwa 20, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Minti 15 zuwa 30 tsakanin shafi da shafi. Kada ya gaza shafi 5, in da hali a yi 6 ko 7. Wanda ya yi rowa ya tsaya a 3, ranar cirewa ba zai taso kamar leda ba, sai tsinka-tsinka da farce. Maganinsa a ƙara masa shafi ya yi kauri, sannan a ja.

Tef ɗin rufe wurare da ya taɓa robar a cire shi tun shafin ƙarshe na ɗanye. In ya bushe, tare za su taso.

Injiniya KT:
Abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai yanayinmu na da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafi na kai digiri 40, bodin da ya sha rana kuwa ya wuce haka nesa. In ka fesa a kansa, sinadarin na bushewa kafin ya kwanta, sai ya fito da kaushi kamar samfefa. A yi shi da sassafe, cikin rumfa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ranar da hazon hunturu ya sauka kuwa a haƙura kawai.

Babban maƙiyinsa fetur ne, narkar da shi yake yi. Ga masu sayen man bumburutu ana zubawa da mazurari, wajen murfin tanki ne zai fara lalacewa. Tinar fenti ta gama-gari ma kada a tsarma shi da ita, a sayi wanda aka riga aka tsarma don feshi. Mai feshin ya sa takunkumi mai matatar sinadari, ba na asibiti ba.

Ana cewa yana kai shekara 3. Motar da ke yini a rana a nan, ni ban ba ta haka ba, gara a ɓare da wuri kafin rufi da bonet su ƙeƙashe. Sannan ka duba fentinka: in fanel bita ya taɓa cike wani wuri, ko shafin sheƙin ya fara saɓa, robar za ta iya tasowa da shi.

Baban Yara:
Yallaɓai, launin mota na rubuce a takardunta. Ka je ofishin lasisin motoci a gyara, in ba haka ba kowane shinge na hanyar Katsina zuwa Daura sai ka yi bayani. Koren soja kuma doka ta hana farar hula amfani da shi. Bayan an gama ka ba ta awa 24 kafin ka fita da ita, mako guda kafin wanki, kuma ka gargaɗi yaran wajen wanki kan buroshi da matso da bakin injin ruwa kusa da gefe-gefe.