Abin da masu saƙa suka tsayar kan zaren hunturun bana

'Yan uwa, zancen da masu saƙa a Saudiyya suka yi kan zare ya yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kowa ya yarda a fara saƙa tun Satumba. Sanyi daga Disamba zuwa Fabrairu ne, wadda ta makara sai kaya su kwana.

2. Gari ke zaɓar zare. 'Yan Jidda da Makka sun ce ulu mai kauri asara ne, auduga ko siririn akrilik (zaren roba) ya wadatar. Na Riyad da Madina suna sayar da suwaita sosai. Mutanen Tabuka, inda har dusar ƙanƙara ke sauka kan dutsen Lauz, sun ce a ba su ulu tsantsa.

3. An rabu kan zaren Turkiyya irin su Alize da Nako. Wasu sun ce ba ya tashin gashi bayan wanki, wasu sun ce tsadarsa na cinye riba, gara na Sin. Ni dai na farkon sun fi gamsar da ni.

4. Kala: ruwan ƙasa, toka da ruwan madara, don suna shiga da baƙar abaya. Masu kayan suna sun ƙi, wai jariri sai kala mai haske.

5. Hula da safar jarirai sun fi komai tafiya.

Farashi kam ba a daidaita ba.