Mahaɗi yana aiki a kwamfutata, da na ɗora shafin sai 404: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon haɗa shafin intanet da HTML, na yi wa shagon ɗinkin yayana ɗan shafi mai ɓangaren hotuna, na farashi da na tuntuɓa. A kwamfutata duk mahaɗan suna aiki lafiya lau. Da na ɗora na tura mashi a waya, shafin farko ya buɗe, amma duk abin da ya danna sai 404, wato saƙon cewa ba a sami shafin ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ya fita, ko da nashi bai zo daidai da nawa ba.

Malam Mai Kwamfuta, Sabuwar Unguwa: Wa'alaikumus salam. Ɗana, buɗe fayil ɗin farko ka duba abin da ke cikin href, wato wurin da ake rubuta adireshin da mahaɗi zai kai mutum. Ina koya wa yara wannan aiki, kuma duk aji sai na sami wanda ya rubuta abu irin C:\Users\ da sunansa da Desktop a ciki. Wannan adireshin kwamfutarka ne kai kaɗai. Wayar yayanka ba ta da wani C, sabar da ka ɗora a kai, wato kwamfutar da ke ajiye shafinka a intanet, ita ma ba ta san shi ba. Kamar ka yi wa baƙo daga Funtuwa kwatance da cewa "ɗakin da ke bayan nawa" ne, alhali bai ma san unguwarku ba.

Idan fayilolin suna folda ɗaya, sunan fayil kawai ake sawa: <a href="farashi.html">Farashin ɗinki</a>. Idan yana cikin wata folda a ƙasa, sai ka sa sunan foldar da alamar / kafin sunan, misali hotuna/riguna.html. In kuma daga ciki kake son komawa sama, ../ ne ke mayar da kai mataki ɗaya. Sannan ka tabbata ka ɗora dukkan foldar yadda take, ba index.html, wato fayil ɗin shafin farko, kaɗai ba. Na ga wanda ya ɗora shi kaɗai ya zauna yana jiran sauran su biyo shi.

'Yar Rafindadi: Ni tawa matsalar babban baƙi da ƙarami ce. Fayil ɗin sunansa Farashi.html, a mahaɗi kuma farashi.html. Windows ba ruwanta, duk ɗaya ne a wurinta. Amma yawancin sabobi kan Linux suke, su kuma F da f ba ɗaya ba ne. A GitHub Pages, wani wurin ɗora shafuka a intanet, na ɗora nawa, nan na gani da idona. Tun daga lokacin komai da ƙananan baƙaƙe nake sa wa suna, har hotuna, don wasu kyamarori .JPG suke ajiyewa da manya, kai kuma ka rubuta .jpg, hoto ya ƙi fitowa.

Ɗan Ƙofar Marusa: Malam, Allah ya saka da alheri, C ɗin nan na nan a biyu daga ciki. Anti, naki ma ya same ni a na tuntuɓa. Saura ɗaya, wanda na sa wa suna "Hotunan Ɗinki.html", shi har yanzu wani lokaci ya buɗe, wani lokaci ya ƙi.

Baban Khalifa, Daura: Wannan nawa ne. Na haɗa ɗan shafi kan wuraren tarihi na garinmu, rijiyar Kusugu da fadar sarki da sauransu, akwai fayil da na kira "ƙofar fada.html". Burawuza ba ta barin fili a adireshi, sai ta mayar da shi %20, ƙ kuma ta koma %C6%99. Sai ka ga adireshi ya zama %C6%99ofar%20fada.html, ba mai iya karanta wa wani shi a waya. In ka rubuta shi da filin ka tura a WhatsApp, daidai wurin filin mahaɗin yake yankewa, rabi shuɗi rabi baƙi, wanda ya danna ya faɗa 404. Na mayar da shi kofar-fada.html, magana ta ƙare. Kai ma ka mayar da naka hotunan-dinki.html, kuma ka gyara href ɗin a duk shafin da ya ambace shi, ba wuri ɗaya ba.

Mai Kishin Hausa: Baban Khalifa, ban ji daɗin wannan shawara ba. Muna fama a riƙa rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai, kai kuma kana cewa a cire. Ai dinki ba ɗinki ba ne.

Baban Khalifa, Daura: Yallaɓai, a sunan fayil kawai na ce. Rubutun da mai karatu zai gani ya danna, wanda ke tsakanin <a> da </a>, ka sa masa ƙugiyarsa cif, "Hotunan ɗinki". Ka dai sa <meta charset="utf-8"> a saman shafin don kada baƙaƙen su rikiɗe su zama wasu alamomi. Ba haramun ba ne adireshi mai ƙugiya, yana aiki, wahalar turawa ce ta sa na bari.

Hajiya Mai Turaren Wuta: Ni ba ni na haɗa nawa ba, ɗan ƙanwata ne da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ya sa mini maɓallin da mai saye zai danna ya shigo WhatsApp ɗina kai tsaye. Shiru ba saƙo, ni ina cewa kasuwa ce ta yi sanyi, sai wata ƙawata ta kira daga Dutsin-Ma ta ce Hajiya abin naki cewa yake lambar ba ta nan. Ashe sifilin farko ne ya bari. A wa.me/, wato mahaɗin WhatsApp, ana farawa da 234, a jefar da sifilin, ba alamar tarawa, ba fili, wato 0803 ya koma 234803 sai sauran lambobin. Ya kuma ƙara mini na kira, wanda href ɗinsa ke farawa da tel:, shi kuwa da +234 ya rubuta. Tsofaffin kwastomomina shi suka fi dannawa, ba su son rubutu.

Ɗalibi daga Kwalejin Hassan Usman: Abu biyu na gani a ɗakinmu. Abokina ya sa mahaɗi zuwa shafinsa na Facebook ya rubuta www.facebook.com ba https:// a gaba. Burawuza ta ɗauka sunan fayil ne a cikin foldarsa, ta liƙa shi a bayan adireshin shafinsa. Duk mahaɗin da zai fita waje sai da https://. Na biyun ya fi ɓoyewa: an turo mana misali a takardar Word, muka kwafa. Word tana lanƙwasa alamar zance, HTML kuma miƙaƙƙiya take so. Da ido kusan ba ka bambancewa, sai ka ƙara girman rubutu. Muka goge muka sake bugawa da hannu a Notepad, ya tashi.

Malam Mai Kwamfuta, Sabuwar Unguwa: Tunda an zo nan, bari in faɗi wanda ke damuna ko da mahaɗi na aiki: "danna nan". Shafi ɗaya danna nan wuri biyar. Makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo yakan sa ta jero masa mahaɗan shafi kaɗai, sai ya ji danna nan, danna nan, bai san wanne ne farashi ba. Rubuta inda za shi. Ina nuna wa ɗalibaina shafin farko na duniya, wanda Tim Berners-Lee ya yi a cibiyar binciken kimiyya ta CERN ya fito wa jama'a a 1991, har yanzu ana iya ganinsa ta info.cern.ch. Ba hoto ko ɗaya, rubutu ne da mahaɗai, kuma ko da sabis ya yi rauni nan take yake buɗewa.

'Yar Rafindadi: Malam, ni ina sa target="_blank" a duk mahaɗina, mai sa su buɗe a sabon shafi, don kada mutum ya bar shafina.

Malam Mai Kwamfuta, Sabuwar Unguwa: 'Yata, a na waje na yarda, a na cikin gida a'a. A ƙaramar waya kowane dannawa sabon shafi ne ke buɗewa, maɓallin komawa baya ya daina kai mutum inda ya fito, ya rikice ya rufe duka.

Ɗalibi daga Kwalejin Hassan Usman: Ɗan Ƙofar Marusa, in ka gama gyara ka sake ɗorawa, kada ka yi mamaki idan yayanka ya ce har yanzu 404. Chrome na ajiye tsohon shafi a waya. Ya ja allon ƙasa ya sabunta, ko ya buɗe a shafin sirri. Kai ma ka gwada a wayar da ba ta taɓa shiga ba, da data, ka danna kowane mahaɗi ɗaya bayan ɗaya har na komawa shafin farko.