Season da Hausa: kaka, zango ko yanayi?

Jama'a salamu alaikum, dan Allah masu fassara da malaman makaranta da 'yan rediyo ku matso, yau ina so mu tsaya a kan kalmar nan season, don kullum sai ka ga an maƙala mata "yanayi" an wuce, ni kuma wallahi abin yana damuna.

Yanayi ta riga ta ɗauki kaya ya mata yawa. Ita ce hasashen yanayi, ita ce sauyin yanayi, ita ce "ya yanayin jikin nasa", ita ce yanayin tsaro. Yanzu kuma a ce wa ɗan firamare akwai yanayi huɗu a shekara, gobe a ce masa yanayin yau akwai hazo, ta ina yaro zai gane ba abu ɗaya ake nufi ba? In ana maganar rabe-raben shekara gaba ɗaya ni dai ina kan "lokutan shekara", ba ta da kwalliya amma ko tsohuwa a ƙauye ta ji ta gane.

Kuma fa mu namu lokutan kowanne da sunansa tun kaka da kakanni. Damina, wajen Yuni zuwa Satumba a ƙasar Kano da Katsina, a tsakiyarta akwai marka, watan Agusta kenan lokacin da sai a wuni ana yayyafi shanya ta ƙi bushewa katanga tana jiƙa. Sai kaka, Oktoba da Nuwamba, a yanke dawa a cire gyaɗa hatsi ya yi sauƙi a kasuwa aure ya yawaita. Sai hunturu da hazonsa da fason ƙafa daga Disamba zuwa Fabrairu. Sai bazara, Maris zuwa Mayu, zafin da a Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri 40, mutane su fito da tabarma tsakar gida su kwana ana ta duban gabas ko hadari zai haɗo. Rani kuma shi ne babban sunan lokacin da babu ruwa, shi ya sa muke da noman rani da cin rani.

To ga inda rigimar take. Turawan Ingila nasu huɗu ne, spring, summer, autumn, winter, sai mu ɗauko namu mu jera a kai kamar dole sai sun yi daidai. Winter da hunturu sun haɗu a watanni kuma duk sanyi ne, ba laifi. Autumn da kaka ma sun yi kusa. Amma summer? Summer ɗinsu Yuni ne da Yuli da Agusta, a lokacin nan mu muna tsakiyar damina, manomi yana maimai. Sai ka ji a labarin ƙwallo an ce ɗan wasa kaza zai bar ƙungiyarsa "a bazara", mai sauraro a Funtuwa in ya ɗauki maganar yadda ya san ta zai zaci watan Afrilu ake nufi alhali Yuli ake magana. Sannan wani mai fassarar shi kuma spring yake kira bazara saboda watannin sun zo ɗaya, kenan kalma ɗaya tana aikin lokaci biyu, kuma spring ɗin ma lokacin ɗumi ne mai daɗi da itatuwa ke toho, ina ruwansa da zafin da ke hana jariri barci.

Shawarata a nan, summer a ce lokacin zafin Turai, spring a ce lokacin toho, in kuma labari ne na gaggawa kawai a faɗi watan a huta, "a watan Yuli". Ku tuna ma su kansu ba ko'ina yake zuwa ɗaya ba, gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu a Yuni da Yuli aka yi ta amma cikin sanyi aka buga.

Wani ɗan'uwa ya ce to ai kakar wasa ma ba daidai ba ce, tunda Firimiya tana farawa a Agusta ta ƙare a Mayu, ina kaka a nan. Malam ina ganin girmanka amma a nan kam ban bi ka ba. Bahaushe ya daɗe da faɗaɗa kaka ta zama lokacin da abu ya kankama kowa yana samu, muna cewa kakar mangwaro, kakar tumatir lokacin da kwando ke zubewa ƙasa, 'yan siyasa ma suna da kakar zaɓe. Don haka ƙungiya 20 kowacce ta buga wasa 38 a tattara maki a ƙarshe a ga wanda ya fi, kakar wasa ta zauna daram, kar a taɓa ta. Jam'i ne kawai sai an kula, ba a cewa kakanni, wannan na su iya da baba tsoho ne, sai dai a ce ya yi kaka biyar a ƙungiyar. Wani abin sha'awa ita kalmar Turancin asalinta daga Latin ne ta biyo ta Faransanci, kuma ma'anarta ta farko shuka ce, su sun kama ta wajen shuka mu mun kama wajen girbi.

Sai ɓangaren fim. Je ka shagon masu tura fim a waya ka tsaya minti biyar, za ka ji yarinya ta miƙa memori tana cewa a tura mata sizin, na Koriya ko na Turkiyya, a bakinta sizin shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Amma 'yan Kannywood da tashoshinmu sun riga sun warware wannan, fim mai dogon zango, zango na 3 kashi na 7. Wanda ya fara kawo zango nan Allah ya saka masa, don zango shi ne inda fatake ke sauke kaya su huta kafin su ci gaba da tafiya, daga nan unguwannin zango na Kumasi da Akara suka samo suna, kuma a makaranta ma zangon karatu muke cewa. Sizin a baki ba zan hana kowa ba, a rubutu dai a sa zango.

Na kicin kuma ba ya buƙatar wata ƙirƙira, in Bature ya ce a yi season ɗin nama, sa kayan ƙamshi yake nufi, gishiri da citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa. In ya kira mutum seasoned, gogagge ne, wanda ya ga jiya ya ga yau. In ya ce rake ko goba suna in season, mu cewa muke sun shigo, in lokacin ya wuce mu ce sun ja baya.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da kuke fama da saison ta Faransanci, ku gwada lokacin toho ɗin nan a kunnenku ku faɗa mana ko ya zauna, don ita ce kaɗai sabuwa a cikin duk abin da na kawo.