Na canza sunan wayifai amma ya ƙi zama

Jama'a don Allah a taimaka, kwana 3 kenan ina fama da rautar da kamfanin intanet suka saka min. So nake in canza sunan wayifai da fasuwod, maƙwabta duk sun samu, data sai zurarewa take.

Na buga 192.168.1.1 a burauza, na shiga da admin da lambobin sitikar da ke ƙasan rautar, na canza suna na yi sebin sai fitilun suka mutu suka dawo, ina dubawa tsohon suna ne dai da tsohon fasuwod. Na gwada a waya, na gwada a kwamfuta da kebul, duk ɗaya. Riset kam ban taɓa ba, tsoro nake kar saitin kamfanin ya goge.

Ya zan yi canjin ya zauna?